Gajeren Furen Ƙararrawa na Tsaunukan Turai: Wanne Za a Shuka, Kuma Yaya Za a Tsirar da Irinsa?

Wanda yake da ɗan fili a bayan gida a Ingila ko Jamus ko wata ƙasa mai sanyi, kuma ya yi sha'awar gajeren furen nan mai siffar ƙararrawa da masana tsirrai ke kira Campanula, yana da shawara biyu da zai yanke kafin ya kashe ko sisin kwabo. Ta farko ita ce nau'in da zai shuka, domin dangin wannan fure sun kai ɗaruruwa, daga masu kamo ƙugun mutum har zuwa waɗanda ba su fi tsawon yatsa ba. Ta biyu ita ce hanyar samun shukar: ko ya tsirar da iri a cikin ɗaki mai ɗumi, ko ya bar tukunya a waje sanyin hunturu ya yi aikinsa, ko ya nemi taimakon firiji, ko kuma ya sayi wadda ta riga ta kafu. Mutane da yawa sukan fara da tambaya ta biyu, alhali amsarta tana rataye ne a kan ta farko, ita kuwa ta farkon, irin wurin da mutum yake da shi ne ya kamata ya yanke ta.

Dalilin haka yana can inda waɗannan tsirrai suka fito. A saman tsaunukan Alps da makamantansu, shukar tana fitowa ne a tsagin dutse ko cikin tarin tsakuwar da ta gangaro daga sama, inda ruwa ba ya kwana ko da an wuni ana tafka shi. Idan hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara takan lulluɓe ta na tsawon watanni, kuma a ƙarƙashin wannan lulluɓi ba ta jiƙa, iska ba ta dukanta, sanyin da ke wajen ma ba ya isa gare ta da ƙarfinsa. Da dusar ta narke sai ruwa mai sanyi ya riƙa ratsa saiwoyinta yana wucewa, ta yi ganye da fure da iri cikin 'yan watanni. A lambun gida a Manchesta ko Hambog kuwa, hunturu ruwan sama ne da laima da ƙasa mai danƙo. Shukar da za ta jure sanyin da ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili ba tare da ta ji komai ba, ita ce za ta ruɓe daga wuya a watan Janairu saboda ruwa ya tsaya mata na 'yan makonni. Duk kwatancen da ke tafe yana komawa ne ga wannan batu, wato wane nau'i ne ya fi haƙuri da jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma wane wuri ne a gidan ya fi saurin tsanewa.

Campanula carpatica ce mafi sauƙin samu a kasuwa. Asalinta tsaunukan Karfatiya ne, waɗanda suka taso daga Silobakiya da kudancin Folan suka ratsa yammacin Yukren zuwa Romaniya, kuma ta daɗe a hannun masu lambu, domin tun a 1774 aka kai ta lambun Kew da ke Landan. Tana tsayawa wuri guda ta yi curi mai faɗin kimanin santimita 30, tsayinta kuma tsakanin santimita 15 da 30. Furenta babba ne idan aka dubi jikin shukar, faɗinsa yakan kai santimita 3 zuwa 4, a buɗe yake yana kallon sama, shuɗi ko fari, kuma yana fitowa daga Yuni zuwa Agusta, har ma ya shiga Satumba idan ana tsinke waɗanda suka bushe. Tun da ba daga can ƙololuwa ta fito ba, daga duwatsun tsakiyar tsauni ne, tana karɓar ƙasar lambu ta yau da kullum muddin ruwa yana wucewa, kuma irinta ba ya neman sanyi kafin ya tsira. Akwai zaɓaɓɓun iri biyu da suka shahara, Blaue Clips mai shuɗin fure da Weisse Clips mai fari, waɗanda ke fitowa kusan bai ɗaya a tsayi da launi, abin da ke da amfani ga wanda yake so ya jera su a gefen hanyar shiga gida.

Aibinta shi ne ba ta da tsawon rai. Bayan shekara uku ko huɗu curin yakan tsufa, tsakiyarsa ta mutu, sai an haƙo shi an raba an sake dasawa. Idan ƙasar ta cika taki sai ta yi tsawo ta kwanta, ta buɗe daga tsakiya. A hunturu kuma takan bushe ta koma ƙasa, wurin ya zauna fayau har Afrilu. Ga wanda yake da ƙaramar tukunya ko komi da ya haɗa wasu ƙananan tsirrai a ciki, ta yi girma da yawa, domin kafin shekara ta zagayo za ta danne maƙwabtanta.

Akwai wata ɗabi'a tata da ya kamata mai karatu a gida Najeriya ko Nijar ya sani, domin zai tambayi kansa ko shukar za ta yi a can. Wannan nau'i ba ya fure sai yini ya yi tsawo, kimanin awa 14 na haske ko fiye. A Landan yinin watan Yuni yakan wuce awa 16, amma a Kano yini mafi tsawo a shekara bai kai awa 13 ba, haka ma a Jos da Mambila. Saboda haka ko da an kauce wa zafin Afrilu na Kano, wanda shi kaɗai ya isa ya kashe shukar, aka kai ta tudun Jos inda iska ke da sanyi, ganye za ta yi ta yi ba fure, sai dai idan za a riƙa kunna mata fitila da dare. Sauran nau'o'in kuma galibi suna neman makonni na sanyi na gaske kafin su yi fure sosai. Wannan shuka ce ta ƙasashen da ke da hunturu mai ƙanƙara da dogon yinin tsakiyar shekara, kuma a can ne shawarwarin nan za su yi aiki.

Campanula cochleariifolia ita ce ainihin abin da mutum ke nufi idan ya ce gajeren furen ƙararrawa na tsauni. Ana samunta a Alps da Pyrenees da Karfatiya, daga kwari har zuwa kusan mita 3,000, galibi a kan dutsen farar ƙasa. Tsayinta santimita 5 zuwa 10 ne, da wuya ta kai 15. Ganyenta ƙanana ne masu sheƙi, a kwance a ƙasa, daga cikinsu kuma siraran kara ke tashi, kowanne ɗauke da 'yan furanni masu tsawon santimita ɗaya da ɗoriya, sun sunkuyar da kai, launinsu shuɗi mai haske, wani lokaci fari tas. Ba ta yin curi. Tana tura siraran saiwoyi ta ƙarƙashin tsakuwa, su ɓullo can gaba su yi sabon ganye, ta haka take bin tsagin dutse da gefen matakala da tsakanin duwatsun daɓe, tana cike duk wata kafa da ta samu. A kudancin Jamus ruwan koguna irin su Isar da Lech yakan kwaso irinta daga tsauni ya zube a kan tsakuwar gaɓa, ta tsira a can nesa da mahaifarta, kuma wannan ya nuna abu biyu game da ita: ba ta dage sai a kan tsauni ba, amma ta dage sai a cikin tsakuwa.

A ganina wannan ce ta fi cancanta da ƙoƙarin mai lambu, kuma ina faɗin haka ne da sanin cewa ba ta kai carpatica cika ido daga nesa ba. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa zai hango carpatica, amma sai ya matso ya durƙusa kafin ya ga kyan cochleariifolia. Abin da take da shi wanda waccan ba ta da shi shi ne tana sabunta kanta. Inda ta daɗe yakan gaji ya yi sanƙo bayan shekara biyu ko uku, amma kafin nan ta riga ta kafa sababbin rassa a gaba, don haka ba a rasa ta gaba ɗaya muddin tana da wurin tafiya. Idan aka ga tsakiya ta yi sanƙo, sai a barbaɗa cakuɗen tsakuwa da ruɓaɓɓen ganye a wurin, sau da yawa takan dawo ta rufe shi. Yawon nan nata kuma shi ne matsalarta a cikin komi, domin za ta kutsa cikin kowace ƙaramar shuka da ke kusa, kuma fitar da saiwoyinta daga jikin wata shukar ba tare da an lalata su duka biyun ba abu ne mai wuya. Idan za a sa ta a tukunya, a ba ta tukunyarta ita kaɗai, mai faɗi marar zurfi sosai, a kuma sake mata ƙasa duk bayan shekara biyu.

Idan aka ajiye su gefe da gefe, bambancin da ya fi muhimmanci shi ne na ƙasa. Carpatica za ta rayu a fangalin fure na gefen gida idan an cuɗa masa tsakuwa, cochleariifolia kuwa a irin wannan wuri manyan tsirrai za su rufe ta, laima ta gama da ita. Ita tana son wurin da ya ɗan tashi sama da sauran fili, rabinsa tsakuwa, da rana ta safe da ɗan inuwa da azahar idan garin yana zafi a Yuli. Duka biyun ba sa son ƙasa ta bushe ƙaƙas a lokacin da suke fure, kuma a nan ne wasu ke kuskuren fahimta, su ɗauka shukar dutse ba ta son ruwa. Tana son ruwa ƙwarai, abin da ba ta so shi ne ya tsaya.

Akwai ta uku da bai kamata a tsallake ba, domin ga gidaje da yawa ita ce amsar gaskiya. Campanula portenschlagiana daga duwatsun Dalmeshiya take, a Kuroshiya ta yau. Tsayinta santimita 10 zuwa 15, furenta shunayya ne mai duhu, yana fitowa da yawan da har ganye ba ya ganuwa a watan Yuni, kuma ganyenta ba ya zuba a hunturu. Tana jure inuwa fiye da biyun farko, tana jure laima, tana rayuwa shekara da shekaru a cikin tsagin katangar bulo inda babu ƙasar kirki. Wanda bayan gidansa ke fuskantar arewa, ko wanda ba shi da lokacin kula da shuka, ita ya kamata ya ɗauka, kada ya wahalar da kansa. Sai dai a yi hattara a wurin saye kada a ɗauko 'yar uwarta Campanula poscharskyana, mai fure kamar tauraro da launi mai haske, wadda ke miƙa dogayen rassa tana zubar da iri ko'ina, har ta zama ruwan dare a katangun biranen Birtaniya. Tana da kyau a kan doguwar katanga, amma a ƙaramin lambu sai ta cinye wurin kowa.

Su kuwa nau'o'in da ke jan hankalin ƙwararru, magana a kansu gajeriya ce. Campanula zoysii ta tsaunukan da ke tsakanin Silobeniya da Ostiriya da Italiya, mai fure da tsukakken baki, da Campanula raineri ta duwatsun arewacin Italiya, da Campanula alpina mai gashi-gashi wadda sau da yawa takan mutu bayan ta yi fure sau ɗaya, duk suna neman tsagin dutse da aka gina musu musamman, da rufi daga ruwan hunturu, da tsaro daga ƙwari dare da rana. Ba da su ake farawa ba. Zoysii ma tana cikin tsirran da dokar Tarayyar Turai ta ba kariya, don haka wanda ya je yawon tsauni ya gan ta, ya bar ta inda take. Ita kuma raineri, sau da yawa irin da ake rabawa da sunanta idan ya girma sai a ga wata gajeriyar carpatica ce ko haɗin aure tsakaninsu.

Batun tsirar da iri yana farawa ne da abin da duk nau'o'in suka yi tarayya a kansa. Ƙwayar irin ƙanƙanuwa ce ƙwarai, dubbai ne a giram ɗaya, kuma tana buƙatar haske kafin ta tsira. Wanda ya binne ta ya kashe ta, domin abincin da ke cikinta bai isa ya turo tsiro daga zurfin ko da rabin santimita ba. Ana cika ƙaramar tukunya mai faɗin santimita 7 zuwa 9 da cakuɗen ƙasar reno da ƙananan tsakuwa rabi da rabi, a daddanna saman ya yi sumul, a jiƙa ta tun kafin a zuba iri. A Birtaniya ƙasar reno irin ta John Innes ta dace da wannan aiki, domin tana da ƙasa ta gaske a ciki kuma ba ta cika taki ba. Sai a cuɗa irin da ɗan busasshen yashi mai laushi, kamar yadda masu lambun fadama ke yi wa irin alayyafo, a yafa shi sama-sama don kada ya taru wuri guda. Ba a zuba ruwa ta sama. Ana tsoma gindin tukunyar a faranti mai ruwa har sai an ga saman ƙasar ya yi duhu, sannan a ɗaga ta ta tsane.

Daga nan hanyoyi suka rabu. Hanyar ɗaki ita ce a shuka a Fabrairu ko Maris, a rufe tukunyar da leda mai haske ko gilashi, a ajiye ta inda ɗumi yake tsakanin digiri 18 da 21, kusa da taga amma ba inda rana za ta buge ta kai tsaye ba. Carpatica takan tsira cikin mako biyu zuwa uku ta wannan hanya, kuma idan an yi da wuri tana iya yin fure a shekararta ta farko. Portenschlagiana ma tana karɓar wannan hanya, haka cochleariifolia idan irin sabo ne. Amfanin hanyar shi ne sauri, kuma mutum yana ganin abin da ke faruwa kullum. Haɗarinta kuma daga ɗumin da laimar yake zuwa: fumfuna takan kama tsiron daga gindi ya faɗi cikin dare ɗaya, tukunya guda ta ƙare kafin a ankara. Maganin wannan shi ne da zarar an ga kore ya ɓullo a cire ledar, a mayar da tukunyar wuri mai haske sosai da sanyi, kamar digiri 12 zuwa 15, inda iska ke zagayawa. Tsiron da aka bari a ɗaki mai hita da ƙarancin haske yakan yi tsawo siriri, kuma irin wannan ba ya zama shukar kirki ko da ya rayu.

Hanyar waje ita ce wadda masu tsirran tsauni suka fi amincewa da ita. Ana shuka a Disamba ko Janairu, a ajiye tukunyar a gefen gida da rana ba ta kaiwa, a bar ta ta sha sanyi da ƙanƙara da dusa. A nan ana shimfiɗa ƙananan tsakuwa masu kaurin milimita 2 zuwa 3 a saman ƙasar, layi ɗaya tak, a yafa irin a kansu, a ɗan fesa ruwa don ya gangara ya maƙale a tsakaninsu. Ta haka yana samun haske, ruwan sama ba ya kwashe shi, gansakuka kuma ba ta saurin rufe tukunyar. Sanyi tare da danshi ne ke karya barcin irin nau'o'in da suka fito daga can sama, waɗanda aka halitta su kada su tsira a ƙarshen shekara sanyi ya kashe su. Tsiro yakan fito a Maris ko Afrilu, gajere, mai ƙarfi, wanda ya riga ya saba da iskar waje kuma ba ya bukatar a yi ta shigar da shi ana fitarwa. Abin da hanyar ke nema shi ne haƙuri da ɗan tsaro: a rufe tukunyar da raga saboda tsuntsaye da beraye, a kare ta daga ruwan da ke zuba daga indararo, kuma idan shekara ta wuce ba a ga komai ba kada a zubar, domin wasu irin sai sun ga hunturu na biyu. Akwatin katako mai murfin gilashi da ake ɗan buɗewa ya fi komai dacewa, amma ba dole ba ne.

Firiji yana tsakanin waɗannan biyun, kuma amfaninsa na wanda iri ya iso masa a makare ne, ko wanda ke zaune inda hunturu ba ya yin sanyi sosai. Ana shuka a tukunya kamar yadda aka bayyana, a sa ta cikin leda, a ajiye a ɓangaren da ke digiri 4 zuwa 5 na mako huɗu zuwa shida, sannan a fito da ita zuwa haske da ɗan ɗumi. Ba a sa ta a ɓangaren da ke daskarar da ruwa. Kuma ajiye busasshen iri a takardarsa cikin firiji yana tsawaita ransa ne kawai, ba ya karya barcinsa, sai ya sha ruwa sanyin ke yi masa aiki. Dole a riƙa leƙawa duk bayan 'yan kwanaki, domin wani irin yakan tsira a cikin duhun firijin, idan ba a fitar da shi nan take ba ya yi fari ya lalace. Kamfanin iri na Jelitto da ke Jamus yana sayar da wasu irin tsirrai da aka riga aka yi musu aikin da zai sa su tsira ba tare da sanyi ba, wanda ya samu irin wannan bai bukatar firiji.

Idan aka auna ukun, ga carpatica babu dalilin jira, a bi hanyar ɗaki. Ga cochleariifolia na fi karkata ga hanyar waje, ko da yake tana iya tsira a ɗaki, saboda tsironta ƙanƙane ne ainun, kuma wanda ya fito a sanyi ya fi tsira daga fumfuna. Ga nau'o'in ƙololuwa kuwa, waje ne kawai, firiji kuma idan babu yadda za a yi.

Dasawa tana da nata ƙa'ida. Idan tsiron ya yi ganye na gaske biyu zuwa huɗu, wato bayan kamar mako shida zuwa takwas, ana ɗaga shi da bakin ƙaramin tsinke. Ba lallai ne a raba su ɗaya-ɗaya ba, ɗaukar uku ko huɗu a dunƙule ya fi sauƙi kuma yana rage tsinkewar saiwa. Waɗanda aka rena a ɗaki sai an yi kwana bakwai zuwa goma ana fitar da su da rana ana mayarwa da dare kafin a dasa su a fili a watan Mayu, bayan ƙanƙarar asuba ta wuce. A wurin dasawa ana haɗa kashi ɗaya na ƙasar lambu, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye, da kashi ɗaya ko biyu na tsakuwa, sannan a zagaye wuyan shukar da tsakuwa zalla mai kaurin santimita 2, don ganye da wuya kada su taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Carpatica tana son tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakaninta da 'yar uwarta. Takin zamani kaɗan ne ake bukata, ko ma a bar shi.

Babban abokin gabar duk waɗannan tsirrai a lambun Turai shi ne dodon koɗi, musamman irin nan marar ɓawo a bayansa. A Maris da Afrilu, lokacin da sabon toho ke leƙowa, yakan cinye shi har ƙasa cikin dare, mai lambu ya ɗauka sanyi ne ya kashe shukar. Tukwanen reno ya kamata a ɗora su a kan tebur ko benci, a riƙa duba ƙarƙashinsu. A Birtaniya an haramta amfani da maganin kashe shi mai suna metaldihaid a waje tun 2022 saboda illarsa ga tsuntsaye da sauran dabbobi, abin da ake samu yanzu shi ne ƙwayoyin ferik fosfet, kuma suna aiki idan an barbaɗa su kaɗan-kaɗan tun kafin toho ya fito. Fita da tocila bayan isha a tsince su da hannu ma yana rage su ƙwarai. Portenschlagiana da ke cikin katanga ita ce ta fi tsira daga wannan ɓarna.

Saura tambayar ko ya cancanci a yi wahalar iri tun farko. Wanda shuka biyu ko uku kawai yake so, sayen wadda ta kafu a wurin masu renon tsirran tsauni ya fi masa, musamman cochleariifolia, domin tukunya guda za a iya yayyaga ta gida huɗu ko biyar a watan Afrilu, kowane yanki mai saiwa ya kama. Wasu ma ba a samunsu ta iri ko kaɗan: Elizabeth Oliver, wato cochleariifolia mai ninkakken fure, da Birch Hybrid, wadda haɗin portenschlagiana da poscharskyana ce, sai ta hanyar rabawa ko yankan reshe, domin irinsu ba ya maimaita uwar. Tukwanen da manyan kantuna ke sayarwa cike da fure tun a Maris kuwa an tilasta musu fure ne a ɗakin gilashi mai ɗumi, a cikin ƙasa mai riƙe ruwa. Suna iya rayuwa a waje, amma sai an jira sanyi ya sassauta, an aske furen da ya gama, an kakkaɓe wani ɓangare na tsohuwar ƙasar kafin a dasa.

Iri yana da riba ne ga wanda yake son shuka ashirin ko talatin don cike dogon gefe ko daɓen dutse, ko wanda yake neman nau'in da ba ya zuwa kasuwa. Ga irin wannan mutum, ƙungiyoyin masu tsirran tsauni sun fi kanti amfani. Alpine Garden Society da aka kafa a Ingila a 1929, da Scottish Rock Garden Club ta 1933, da North American Rock Garden Society ta 1934, kowacce tana da tsarin musayar iri tsakanin mambobinta, jerin sunayen yana fitowa wajen ƙarshen shekara, irin kuma yana isowa a tsakiyar hunturu, daidai lokacin da hanyar waje ke bukatarsa. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai aika iri da tsirrai tsakanin ɓangarorin biyu ya ƙara wuya, don haka gara mutum ya duba ƙa'idar ƙasar da yake zaune kafin ya yi oda.

Da zarar shukar ta kafu, mai ita zai iya tara irinsa da kansa, kuma a nan ma nau'o'in biyu sun bambanta. Kwanson irin carpatica a tsaye yake, ƙananan ƙofofinsa suna buɗewa ta kusa da sama, shi kuwa na cochleariifolia a sunkuye yake, ƙofofinsa suna kusa da gindi, wanda sunkuyon ya mayar da shi sama. A duka biyun iska ce ke kaɗa kara irin ya watse, saboda haka ana yanke karan da zarar kwanson ya koma ruwan ƙasa kafin ƙofofin su buɗe sosai, a zura shi cikin ambulan na takarda, a bar shi ya ƙarasa bushewa a inuwa. Idan akwai launi fiye da ɗaya a lambun, ƙudan zuma sun riga sun cakuɗa su, 'ya'yan za su fito wasu shuɗi wasu fari wasu tsaka-tsaki, wanda yake son launi guda sai ya raba uwar maimakon ya shuka irinta. Irin da aka tara a Agusta ko Satumba ana rubuta masa suna da shekara, a ajiye shi a bushe cikin firiji, na cochleariifolia a shuka shi a Disamba, na carpatica kuma a jira Fabrairu.